Abin Da Matan Sabo Suka Koya Mana

Tun da aka fara ganin ɗalibaina suna fita ƙofar kwaleji ran Asabar da hantsi, da allo a ka da alli a jaka, mutane suka dame ni da tambaya. Waɗansu suna cewa wa'azi mu ke zuwa yi, waɗansu suna cewa siyasa muka shiga. Har wani malami abokin aikina ya tare ni a bakin ofis ya ce, "Malama, an ce kin kafa jam'iyyar mata a Sabo, yaushe za a ba mu kati?" Muka yi dariya. To, da ya ke Edita ya ba ni fili a wannan fitowa, na ga ya kamata in bayyana wa jama'ar kwaleji abin da mu ke yi, da dalilin yinsa, da kuma inda muka yi tuntuɓe, gama tuntuɓen ya fi nasarar yawa.

Sunan abin "karatu da hidima". A Amurka aka raɗa masa suna a shekarun 1960. Ma'anarsa ita ce ɗalibi ya ɗauki abin da ya karanta a aji, ya fita da shi cikin gari ya yi wa jama'a wani aiki da su ke bukata, sa'an nan ya komo aji ya zauna ya auna, ya ga ko abin da littafi ya faɗa ya yi daidai da abin da idonsa ya gani. Kada mai karatu ya ɗauka irin koyarwar gwajin nan ce da mu kan tura ɗalibai makarantun firamare, inda ɗalibi ke gwada hannunsa malami na bayan aji da takardar maki. Ya kuma bambanta da aikin gayya, da a kan taru a yashe kwata a watse, kowa ya kama gabansa. Komowar nan aji ita ce gishirin miyar. Saboda haka ko wane ɗalibi yana da ɗan littafin da ya ke rubuta abin da ya gani ran Asabar, ran Talata kuwa mu baje su a aji mu yi ta gardama.

Darasin da na ɗora aikin a kansa shi ne na rubuce-rubucen mata, musamman waɗanda suka ɗauki alƙalami don neman haƙƙin 'yan'uwansu. Shi ne Turawa ke kira feminizim, kalmar da in an ambace ta a aji sai ka ga samari sun gyara zama, 'yan mata sun sunkuyar da kai. Ni dai sunan bai dame ni ba. Mu kan karanta littafin Mariyama Ba ta ƙasar Senegal, wanda ya fito a 1979, watau doguwar wasiƙar da wata malamar makaranta ta rubuta wa ƙawarta tana cikin takaba. Mu kan kuma karanta "Wa Zai Auri Jahila?" na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, labarin yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho, daga baya ta koma karatu ta tsaya da ƙafafunta. Ita marubuciyar da kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, saboda haka ba da ka ta ke magana ba.

Shekara da shekaru ina koyar da waɗannan littattafai, ɗalibai suna rubuta amsa mai kyau a kan wahalar macen da ba ta yi makaranta ba, ina ba su maki. Amma wani abu ya riƙa sosa mini rai. Yawancinsu ba su taɓa zama su yi hirar minti goma da irin matar da su ke rubutu a kanta ba, ko da ya ke ita ke sayar musu da ƙosai ko wace safiya a bakin ƙofa. Sun san ta a takarda, ba su san sunanta ba.

Abin da ya nuna mini hanya labarin wata 'yar'uwarmu ce a sana'ar koyarwa, a nan ƙasar Yarbawa. Bari in ɗan tsaya a kansa, don shi ne tushen maganar.

An haifi Funmilayo Ransome-Kuti a Abeokuta a 1900. Ta yi karatu a babbar makarantar garin, ta ƙaro a Ingila, ta komo ta kama koyarwa. Mijinta shi ne shugaban farko na ƙungiyar malaman Nijeriya. A 1932 ta sa hannu aka kafa wata ƙungiya ta matan Abeokuta masu ilmin boko, matan malamai da na akawuna da na limaman coci. Aikinsu ɗinki, da koyon girki, da ɗan taimakon gajiyayyu. Ba su da niyyar tayar wa kowa da hankali. A 1944 sai suka fara karɓar matan kasuwa suna koya musu karatu da rubutu. To, a nan ne fa zance ya sake. Matan nan sun zo koyon baƙi da wasali, amma ba su bar damuwarsu a gida ba. Lokacin ana ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, hukuma ta ƙayyade farashin abinci, ana tare mata a hanya ana ƙwace musu shinkafar da suka saro. Ga kuma harajin da aka aza wa matan ƙasar Egba tun 1918, alhali ko kujera ɗaya ba su da ita a majalisar da ke kashe kuɗin. Masu koyarwa suna zaune a gari ɗaya da su, amma ba su san zafin abin ba sai da ɗalibansu suka faɗa musu.

A 1945 ƙungiyar ta kai kukan shinkafa gaban hukuma, ta kuma kai wa jarida, ba a daɗe ba aka daina ƙwacen. A 1946 aka sake wa ƙungiyar suna ta zama ta matan Abeokuta duka, mai takalmi da marar takalmi, har masu biyan kuɗin ƙungiya suka kai wajen 20,000. Ita Funmilayo ta ajiye tufafin Turawa ta koma ɗaura zane, ta kuma riƙa magana da Yarbanci ko a gaban Turawan mulki, sai dai su nemi tafinta. Suka sa aka binciki littattafan baitulmalin En'e. In an hana su izinin zanga-zanga sai su ce biki za su yi. A ƙarshen watan Nuwamba na 1947 mata fiye da 10,000 suka kwana a ƙofar fadar Alake Ademola na Biyu. A 1948 aka dakatar da harajin mata, aka ba mata 4 kujeru a majalisar riƙo. Ran 3 ga Janairu 1949 Alake ya sauka daga gado ya bar gari, sai a 1950 ya komo. Wole Soyinka yana yaro a lokacin, mahaifiyarsa na cikin ƙungiyar, ya kuwa ba da labarin abin da ya gani a littafin ƙuruciyarsa na 1981.

Mutane sun fi riƙe saukar Sarki, don ita ce mai daɗin ba da labari. Ni abin da na riƙe tun daga baya ne, watau ranar da masu allo suka yi shiru suka saurari masu koyo. Na faɗa wa ɗalibaina haka kafin mu fita, suka rubuta a littafi, suka ce sun gane. Ashe ni ma da na faɗa ban gane ba.

Muka zaɓi Sabo don can Hausawan garin nan su ke, ɗalibaina kuwa Hausa su ke karantawa. Muka je muka yi gaisuwa wurin Sarkin Hausawa, ya sa mana albarka, ya haɗa mu da wata dattijuwa, Hajiya, wadda ta ba mu tsakar gidanta. Gidan ba shiga ne, saboda haka samari suka tsaya a zaure suna koya wa waɗansu 'yan dako da masu tura baro, 'yan mata suka shige ciki. Muka sa lokaci bayan la'asar.

Ranar farko tsakar gida ta cika, har waɗansu na zaune a kan turmi. Wata ɗaliba mai ƙwazo ƙwarai ta miƙe ta yi jawabi, ta ce mun zo ne mu fitar da su daga duhun jahilci, su san 'yancinsu. Aka tafa mata. Sa'an nan aka shiga a, ba, ca, da. Mako na biyu rabi suka zo. Mako na uku muka tarar da mata huɗu da akuya. Ran Talata ɗalibai suka baje littattafansu, ko wanne ya rubuta dalili: mazansu ne suka hana su, al'ada ce ta danne su, ba su san darajar ilmi ba. Duk amsoshin nan daga littafi suka fito, ba wanda ya tambayi matan.

Na shirya na tafi wurin Hajiya ni kaɗai. Bayan mun gaisa ta sa aka kawo mini fura, ta bari sai da na sha, kana ta ce, "Malama, 'ya'yan nan naki suna da ladabi, Allah ya yi musu albarka. Amma wa ya ce muku la'asar lokacin zama ne? Mai tuwon sayarwa ta bar tukunya a wuta ta zo ta yi ba da ca? Sa'an nan kuma yarinyar nan ta ce mu jahilai ne. Ni na sauke Alƙur'ani tun ba a haifi uwarta ba. Adashin mata talatin ke hannuna, a kaina na ke riƙe da lissafin, ba a taɓa jin kaina da kowa ba. In na shiga kasuwa da Yarbanci na ke ciniki. Boko ne ban iya ba, shi kuwa sai a ce boko, kada a ce jahilci."

Kai, ran nan na ji kunya. Tun shekarun 1950 da Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa Yaƙi da Jahilci sunan nan ya bi bakinmu, har mun manta yana da ƙaya. An yi aikin kirki a ƙarƙashinsa, ba na musu, amma wanda aka kira jahili a gaban kishiyarsa ko surukarsa ba ya komowa aji.

Muka mayar da lokaci hantsi, bayan an sallami yara an gama wanke-wanke. Muka ajiye littafin koyon karatun da muka zo da shi, muka tambaye su me su ke so su iya karantawa. Amsa ba ta yi wuya ba. Wata ta ce saƙon banki da ke shigowa wayarta, don ta gaji da miƙa wa ɗan maƙwabta yana sanin abin da ta mallaka. Wata ta ce katin asibiti, ta san ranar da za ta mai da jariri rigakafi. Wata ta ce takardar sakamakon ɗanta, don ta lura kullum shi ke zuwa na ɗaya in shi ya karanta mata. Kusan dukansu kuma suna so su rubuta sunansu su huta da dangwala yatsa. Daga waɗannan takardu ɗalibai suka tsara darussa. Aikin ya fi na da wuya nesa ba kusa ba, gama ko wace Asabar sai an yi sabon shiri, amma tsakar gida ta sake cika.

Akwai wani abin da ya taimake mu wanda ban shirya shi ba. Fiye da rabin ɗalibaina ba Hausawa ba ne, Yarbawa ne da Ibo da 'yan ƙasar Binuwai da suka zo koyon Hausa don su koyar da ita. Ran nan wata daga cikinsu ta ga mutane sun shigo gidan, ta ce, "Hajiya, kin yi baki." Mata suka fashe da dariya har da masu riƙe ciki. Hajiya ta zaunar da ita ta ce, "'Yar nan, baki kam ina da shi tun haihuwa. Ce baƙi." Aka yi ta fama da ita sai da ƙa ta fito daga maƙogwaro. Tun daga ranar kunya ta kau. Matar da ta ga an yi wa malamarta dariya ba ta mutu ba, ita ma sai ta miƙe ta rubuta harafinta a karkace a gaban kowa. Ciniki ya faɗa ke nan, su ba mu Hausa mu ba su boko. Malaman sashenmu sun shaida bakin ɗaliban nan ya gyaru a zango ɗaya fiye da yadda na iya gyara shi a shekara.

Rabin sa'a na ƙarshe mu kan karanta musu babi ɗaya daga littafin Hajiya Balaraba, su yi sharhi. Nan ne ɗalibaina suka sha mamaki. Su a aji sun gama shari'a tuni, uba ne mai laifi da tsohon miji. Matan ba su wanke waɗannan ba, amma tambayoyinsu dabam ne. Wata ta ce a duba abin da ke cikin rumbun gidan tukuna, don ta ga uban da yunwa ta sa ya aurar da 'ya yana kuka. Wata ta ce ita karatu ba tare da jari ba bai cika mata ido ba, ta san masu takardar makaranta da ke zuwa rance wurinta. Wata bazawara kuwa, wadda ba ta cika magana ba, sunan littafin ta kama. Ta ce, "Malama, watau mace sai don a aure ta za ta yi karatu? Ni na yi aure uku. Don kaina na zo." Shekarata nawa ina koyar da littafin nan, ban taɓa jin ɗalibi ya yi wannan tambaya ba. Na sa ta a jarrabawar ƙarshen zango.

Hajiya ce kuma ta kashe maganar masu cewa baƙon abu muka kawo. Ta ce kakarta mutuniyar ƙasar Sakkwato ce, ta kan ba su labarin jaji. Ɗalibai suka koma laburare suka binciko. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kan naɗa dattijan mata ta ba su malfa, a kira su jaji. Su ne ke jagoran matan ƙauyuka zuwa wurinta, su koyi waƙoƙin ilmi su koma su koya wa na gida. Su ne 'Yan Taru. Mace ta shiga gida ta koya wa mace, ashe tsohuwar hanya ce muka tarar.

Saura batun shiga harkar gari, wanda ya jawo mini zargin kafa jam'iyya. Mun yi darasi a kan katin zaɓe, da aikin kansila, da inda harajin kasuwa ya kamata ya tafi. Na gaya musu matan Kudu sun jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya na 1959, amma matan Arewa sai a 1976 aka ba su dama, bayan irin ɗauri da dukan da Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha a kan haka. Ita ma Gambo ta taka har Abeokuta don ta ga Funmilayo. Na kafa doka ɗaya, ba a ambaton jam'iyya ko ɗan takara a tsakar gidan nan, har yau kuwa ba a karya ta ba.

Amma darasin gaske ba daga gare ni ya fito ba. Wata mai waina a bakin kasuwa ta kawo tikitin da a ke yankar mata kullum, don a yi koyon lambobi da shi. Tana cikin haɗa baƙi sai ta yi shiru, ta sake dubawa, ta ce, "'Yata, zo ki duba mini, ko idona ne?" Ba idonta ba ne. Abin da aka buga a jikin takardar rabin abin da mai yankan tikiti ke karɓa ne a hannunta. Sauran masu sana'a a kasuwa suka kwance bakin zane suka fito da nasu, duk haka.

Jinin ɗalibaina ya tafasa. Ga Abeokuta ta zo har gida! Waɗansu suka ce a ɗauki hoto a sa a Facebook, waɗansu suka ce a yi jerin gwano zuwa sakatariya. Matan suka ƙi. Mai wainar ta ce, "Ku in an yi hutu mota za ku shiga. Ni gobe da asuba a gabansa zan kafa tanda." Hajiya ta ƙara da cewa Hausawan Sabo sun daɗe a garin nan, amma har yanzu in rigima ta tashi baƙi a ke kiransu, saboda haka ba za su yi abin da zai zama na Hausawa kaɗai ba. Suka zaɓi su je wurin shugabar matan kasuwa, wadda Yarbawa ke kira Iyaloja, su nuna mata. Ashe matan Yarbawa ma haka a ke yi musu. Aka shirya takardar kuka guda ɗaya da Yarbanci da Hausa da Turanci. Matanmu su suka faɗi abin da za a rubuta, ɗalibai suka riƙe alƙalami kawai. Asabar biyu aka yi ana gyara ta, don sun ce a cire duk kalmar da ta yi kama da zagi. Tara daga cikinsu suka sa hannu da sunansu, sauran suka dangwala.

Ran Talatar da ta biyo mun yi gardamar da ba mu taɓa yin irinta ba. Wani ɗalibi ya ce tsoro ne, da Funmilayo ta ji tsoro da ba a soke haraji ba. Wata ta amsa masa cewa Funmilayo 'yar gari ce, a nan ta kwana a nan ta tashi, kuma shekara biyar aka yi tsakanin buɗe aji da saukar Alake, mu kuwa makonmu 12. Ni ina bayan wannan ɗaliba. Wanda zai kwana da sakamakon abu shi ya kamata ya yanke shawararsa. Amma ban hana yaron maki ba, don ya kare maganarsa da hujja.

Har ranar da na ke wannan rubutu ba a amsa takardar ba. Abin da ya sake shi ne, mai waina ta kan karɓi tikiti ta karanta lambar da ƙarfi a gaban mai yanka, ta ƙirga daidai abin da aka rubuta ta miƙa masa. Ya kan yi tsaki ya karɓa. Waɗanda ba su iya karantawa ba har yanzu ninki su ke biya.

Maganar mota da mai wainar ta yi ita ce ta fi tsaya mini a rai, don gaskiya ce. Ɗalibi ya sami makinsa, ya gyara Hausarsa, ya tafi. In ba mu yi hankali ba sai mu mai da matan Sabo gonar gwaji, ko wace shekara a kawo sababbin hannu su koyi noma a kansu. Dabarar da muka yi, ta jaji muka ara. Mata biyu da suka fi saurin ganewa mun ware su muna ba su ƙarin darasi, mun bar musu allo da alli, su ke riƙe ajin lokacin hutu. Ɗayarsu bazawarar nan ce. Na kuma roƙi hukumar kwaleji ta sa aikin cikin tsarin sashe, don kada ya mutu ran da aka yi mini canjin wurin aiki. Ana dubawa.

Za mu koma Asabar ta biyu bayan buɗe makaranta. Muna neman ɗalibai daga sashen lissafi, don Hajiya ta yarda a mai da adashinta cikin littafi, da sharaɗin ita za ta riƙa duba ko sun yi kuskure. Muna kuma neman samari, gama zaure ya cika ya batse. Wanda ke so ya same ni a ofis, ya zo da ɗan littafinsa na rubutu. Ɗalibar nan tawa kuma da ta san kanta, Hajiya ta aiko in gaya mata kada ta kuskura ta ƙi zuwa, wai ta iya baƙi amma har yanzu tana kiran ƙasa kasa.